Guntun Yatsa da Waken Dakta

Shekara arba'in da ɗaya Baba Mai-Buta ya yi yana riƙe da makullin gidan gilashi, kuma a tsawon shekarun nan ko tsiro ɗaya bai taɓa mutuwa da ƙishirwa a hannunsa ba. Ku je ku tambaya. Shugabanni bakwai suka zo tashar binciken shuke-shuken nan suka same shi, shida sun tafi sun bar shi, biyu daga cikinsu ma da shi aka ɗauki gawarsu. Gobara ta ci tsohon sito yana ciki, ya fito da buhun iri biyu a kafaɗa da rabin gemu. Ambaliya ta shiga gidan gilashin har ƙugu, ya yini yana ɗora tukwane a kan katakon rufi shi kaɗai. Maciji ya sare shi a bayan tankin ruwa, macijin aka binne. Bai taɓa zama a aji ba, ko sunansa ba ya iya rubutawa, amma in ya ɗaga ganye ya dubi bayansa, zai faɗa maka abin da ke damun shukar tun kafin masu farar riga su gama laluben tabarau.

To, wannan mutumin ne aka kira ofis wata ranar Laraba aka ce ya ajiye makulli.

Ga yadda abin ya faro. Akwai wata Dakta a tashar, mace ce 'yar firit, sa'ar 'yarsa ta uku, mai saurin tafiya kamar an biyo ta. Aikinta a kan wani wake yake. Shekarun baya an ciro wata ƙwayar gado daga jikin wata shuka daban an dasa wa waken, don ya riƙa kare kansa daga tsutsa. Aka haɗa ta da alama: muddin baƙuwar ƙwayar na aiki, ganyen waken zai fito ja, har jijiyoyinsa. Da fari abin ya yi kyau, gidan gilashi ya yi jawur. Amma da aka shuka 'ya'yan waken, aka kuma shuka jikokinsa, sai jan ya riƙa ja da baya, har aka wayi gari ganye ya koma kore shar kamar na kowane wake, tsutsa kuwa ta dawo cin abinta.

Wata rana Baba na cika buta a bakin famfo, Dakta ta tsaya ta yi masa bayani, don ita ba ta raina shi kamar wasu.

«Baba, ba fita ƙwayar ta yi ba. Tana nan a ciki lafiyarta lau. Waken ne ya gane ba jininsa ba ce, sai ya ɗaɗɗaure mata baki.»

Baba ya ce, «Ai haka muka yi wa mijin 'yata ta fari. Ranar da ya fara zuwa gaisuwa ya cika mu da surutu, yanzu in ya zo sai dai ya gyaɗa kai.»

Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ce akwai wani magani, farin gari ne da ake ajiyewa a firiji, wanda in aka jiƙa iri a cikinsa yakan sassauta ɗaurin nan, baƙuwa ta sake buɗe baki. Shekara biyu ta yi tana neman daidai awon da zai kwance ɗaurin ba tare da ya ƙona tsiron ba. Yanzu ta ce ta samu, saura gwajin da zai tabbatar.

Gwajin ba shi da wuyar ganewa. Tire arba'in aka cika da ƙasa aka jera a kan dogayen tebura biyu. Ashirin za a shuka musu irin da ya kwana biyu a magani, ashirin kuma irin da ya kwana biyu a ruwa zalla. Na magani a kofi mai jan murfi, na ruwa a kofi mai farin murfi. In maganar Dakta gaskiya ce, bayan mako uku ashirin ɗin magani za su yi ja, na ruwa su tsaya kore. Kuma ba a jera su gefe da gefe, sai an yi ƙuri'a an cakuɗa su, don kada wani ya ce rana ta fi samun waɗansu.

Mai riƙe da takardar ƙuri'ar shi ne Mai-Awo, ma'aikacin ɗakin gwaji, mutum mai sanƙo da tumbi, wanda Baba ya yi aiki da ubansa tun shi yana yawo ba wando. Ranar shuka da safe Mai-Awo ya bi tire-tire yana duba takarda yana ajiye kofi a gaban kowanne. Baba ya bi ya shuka. Bayan an dawo daga cin abincin rana Mai-Awo ya zo da tsinkayen roba guda arba'in, ya sake bi da takarda a hannu yana kafa ɗaya a kusurwar kowane tire. Tsinkayen duk farare ne iri ɗaya, rubutun jikinsu ne kawai ya bambanta: wannan magani, wannan ruwa.

Kwana goma sha bakwai da shuka, ranar Asabar, babu kowa a tashar sai Baba, aka yi wata iska da ta karyo reshe ta jefa a rufin. Gilashi ya tarwatse a kan teburin farko. Baba ya sauke tiren teburin nan ɗaya bayan ɗaya, ya tsince kwalba da hannunsa, ya share, ya toshe rufin da leda, ya mayar da kowane tire mazauninsa. Ranar Litinin har yabo ya sha.

Ranar Laraba mako uku ya cika. Baba ya buɗe ƙofa da sassafe ya tsaya yana kallo, ƙirjinsa ya cika. Ja, kore, kore, ja, ja, kamar an shimfiɗa tabarma mai ado. Ya ƙirga da kansa: ja ashirin, kore ashirin. Da Dakta ta shigo ya tare ta da murna.

«'Yata, baƙuwarki ta yi magana! Ji yadda take ihu!»

Ta daka tsalle kamar yarinya. Ta zaro littafi ta fara bin tsinkaye tana rubutawa. A tire na huɗu ta tsaya. A na bakwai ta cire tabarau ta goge ta mayar. Kafin ta kai ƙarshen tebur na biyu fuskarta ta yi fari fat. Cikin jajayen nan ashirin, tara tsinkensu ya ce ruwa zalla suka sha. Cikin korayen kuma, tara tsinkensu ya ce magani.

Kafin azahar an kira Baba ofis.

Shugaban nan na bakwai ba mai tsawa ba ne. Magana yake yi a hankali yana juya biro, irin mutanen da ke yanka ka suna tambayarka ko da zafi. Ya ba Baba kujera, abin da bai taɓa yi ba, nan Baba ya san ba lafiya.

«Baba, babu wanda ya ce da gangan ka yi. Ranar Asabar ka yi aikin mutum biyar, mun gode. Amma tire ashirin ka ɗaga kai kaɗai. Tsinkaye sun zube, ka tsince ka mayar. To, kai ba ka karatu, su kuma duk kamarsu ɗaya.»

«Ranka ya daɗe, ko ɗaya bai faɗi ba.»

«Baba, ana cikin gaggawa, ga kwalba, ga iska...»

«Na ce ko ɗaya bai faɗi ba. In da ya faɗi zan ce ya faɗi. Ranar da na fasa ma'aunin zafi a zamanin shugaba na uku, da ƙafata na je na faɗa, alhali akwai kyanwa a wurin da zan iya ɗora wa.»

Shugaba ya yi murmushi. Ya ce aikin yanzu ya wuce na da, komai da rubutu yake tafiya, ido kuma yana gajiya da shekaru. Ya ce akwai gurbi a babbar ƙofa, ga kujera ga inuwa, albashi ba zai ragu ba, aikin kawai ɗaga sandar tare hanya in mota ta zo. Ya ce makullin gidan gilashi kuma a ba Mai-Awo kafin a samu wanda ya yi makaranta.

Ɗaga sanda! Mutumin da ya raini shuka fiye da dubu ɗari, a ce ya ƙare yana yi wa motoci sannu da zuwa. Amma Baba ko gezau bai yi ba. Ya miƙe ya gyara hula.

«Ranka ya daɗe, ka bar min shi zuwa gobe da safe. Ka zo gidan gilashi da kanka, kai da Dakta da Mai-Awo. In ban nuna maka abu ba, ni zan rataya masa makullin a wuya.»

Da ya faɗi haka, gaskiya bai san abin da zai nuna ba. Ya koma ya rufe kansa da waken. Ya zaga teburin farko, ya zaga na biyu, hannu a baya. Can ya kai hannu ya ɗan ja wani tsinke, don ya dubi wannan rubutun da ke neman cin mutuncinsa. Tsinke ya ƙi fitowa. Ya ƙara ja a hankali, sai ga ƙasar kusurwar gaba ɗaya ta ɗago. Baba ya durƙusa ya leƙa, ya yi dariya shi kaɗai har ya zauna a ƙasa.

Da yamma a gida, uwar 'ya'yansa ta ajiye masa kwano ya ƙi ko buɗewa. Tsohuwa ce mai baki, shekara arba'in da biyar suna tare, ba ta taɓa barin cika bakinsa ya wuce ba haraji. Ya kwashe labari ya faɗa mata.

Ta ce, «Kujera da inuwa, kuma a biya ka? Maigida, ka tambaye su ko suna ɗaukar mata.»

«Ke ba ki san girma ba.»

«Na san gwiwarka da nake shafa wa man zafi. To ka ce ka samu abin da zai wanke ka, me kuma ya hana ka cin abinci?»

Baba ya dubi hannunsa na dama. Manuninsa guntu ne, gaɓar sama babu, belin injin ban-ruwa ya tafi da ita shekara talatin da suka wuce, ya ɗaure da tsumma ya ƙarasa aikin ranar. Da wannan guntun yake huda ramin shuka tun daga lokacin, kuma har gobe yana rantsuwa babu ma'aunin da ya kai shi daidai.

Ya ce, «Akwai wata magana. Dakta ta kafa doka. Ta ce duk tire arba'in ɗin nan, da safar hannu za a shuka su, kuma da katako za a huda. Wani katako ne mai haƙora, ka danna shi a ƙasa ya fitar maka da ramuka zurfinsu ɗaya.»

«To?»

«Na jan murfi na bi doka, don an ce maganin ba ya wasa da fata. Amma na farin murfi, ruwa ne fa, ruwan famfon da nake sha. Sai na ga don me zan sa safa in ɗauki katako kamar wani sabon shiga? Da Mai-Awo ya ba da baya na tuɓe, na shuka su da yatsana.»

Tsohuwa ta ajiye cokali. «Wa ya gani?»

«Ba kowa.»

«Wa ya sani?»

«Ni da waken. Yanzu da ke.»

«To ni ban ji ba. Gobe ka je ka wanke kanka daga abin da ba ka yi ba, ka ja bakinka ka rufe a kan wanda ka yi. In za ka iya. Ni dai tun da nake ban taɓa ganin ka rufe shi ba sai in kana tauna.»

Ranar Alhamis da ƙarfe takwas suka hallara. Zafi ya fara taruwa a ƙarƙashin gilashi, Shugaba na ta share wuya da hankici. Dakta idonta ya kumbura. Mai-Awo ya tsaya can gefe yana kallon takalminsa, don shi ma bai so a ce shi zai karɓi makulli daga hannun abokin ubansa ba.

Baba ya tsaya a gaban teburin farko kamar mai shirin huɗuba.

«Ranka ya daɗe, kun ce kwana biyar da suka wuce tsinkaye suka zube na mayar. To zaɓi tire ɗaya cikin waɗanda kuka ce na rikita. Kowanne ka ga dama. Ja tsinken a hankali.»

Shugaba ya duba littafin Dakta, ya zaɓi ɗaya, ya ja. Tsinke ya tsaya. Ya ƙara ƙarfi, ƙasa ta ɗago da shi dunƙule guda.

«Kakkaɓe, ka duba.»

Ya kakkaɓe. Farar saiwa ta nannaɗe gindin tsinken, ta zagaya ta sake zagayawa, wata ma ta bi ta cikin 'yar hudar da ke ƙarshensa ta fita ta ɗaya gefen ta yi kauri.

Baba ya ce, «Saiwar da ta shiga hudar nan tana siririya ta shiga, a ciki ta yi ƙiba. Aikin mako uku ke nan, ba na kwana biyar ba. Tsinken da aka cire aka sake sokawa, yanka saiwa yake yi, in ka ja shi zai fito sumul kamar cokali daga ruwa. Dakta, ƙarya na yi?»

Dakta ta karɓa ta duba da gilashin ƙara girma. Ta ja na biyu da kanta, ta ja na uku. Suka bi goma sha takwas ɗin nan kaf, kowanne saiwa ta rungume shi.

Ta ce, «Yallaɓai, tun ranar shuka ba wanda ya motsa su.»

Shugaba ya daɗe yana kallon tsinken da ke hannunsa. Mutum ne mai gaskiya duk da sanyinsa. Ya ce, «Baba, a gafarce mu. Makulli naka ne.»

Da a nan aka tsaya, da Baba ya koma gida yana taku ɗai-ɗai. Amma Shugaba ya juya wajen Dakta.

«To, Dakta, kin ga inda wannan ya kai mu. In tsinkaye daidai suke, tara sun sha magani ba su farka ba, tara kuma sun farka ba su sha komai ba. Ashe ba maganin ne ke tashe su ba. Waken ne kawai ba shi da tabbas, yau ya ce ja, gobe ya ce kore. Shekara biyu ta isa. A kwashe a ƙone, teburan nan akwai masu jiransu.»

Dakta ta juya wajen waken. Ta kai hannu ta shafa wani jan ganye da bayan yatsa, kamar mai taɓa goshin yaro mai zazzaɓi, ta rufe littafinta.

Makulli na aljihun Baba, ya damƙe shi har ya yi masa shaida a tafi. Ya ji muryar tsohuwarsa tana cewa ka rufe bakinka. Ya rufe. Ya ƙirga gilasan rufi har goma sha biyu. Amma ina! Ba shi da tabbas? Waken da ya shayar da hannunsa safe da yamma, wanda ya yi duk abin da aka ce ya yi, a tsaya a gabansa a kira shi maƙaryaci, a kuma ƙone shi? Ga yarinyar nan kuma tana haɗiye kuka.

«Ranka ya daɗe, dakata. Dakta, ba ni izinin tsiro ɗaya daga kowane tire.»

Ta gyaɗa kai ba tare da ta dube shi ba. Baba ya bi da 'yar wuƙarsa yana tono ɗaya-ɗaya, yana kaɗe ƙasa, yana jerawa a kan buhu. Ya ce su daina kallon ganye, su dubi wuya, wato farin wurin nan tsakanin saiwa da inda kara ya fito sarari. Waɗansu wuyansu dogo, waɗansu gajere, bambancin ko makaho ya shafa zai ji. Ya ware dogayen dama, gajerun hagu.

Na dama ashirin, ja ne duk. Na hagu ashirin, kore ne duk.

Dakta ta durƙusa a gaban buhun. «Baba, me ya kawo wannan? Ai zurfinsu ɗaya aka shuka su.»

Baba ya ɗaga guntun yatsansa sama kowa ya gani.

«Ba ɗaya ba ne. Na jan murfi, katakonki ya huda musu, shi ya sa suka taso daga nesa. Na farin murfi, wannan ya huda. Na karya dokarki, 'yata. Duk mai dogon wuya magani ya sha, duk mai gajere ruwa ya sha, ko tsinke ya ce me. Maganinki bai kuskure tire ko ɗaya ba.»



Shugaba ya ce, «To in haka ne, wa ya sa tsinkayen suka yi ƙarya?»

Sai aka ji motsi a gefe. Mai-Awo ne ke laluben aljihun farar rigarsa, gumi na zuba daga sanƙonsa. Ya zaro wata takarda da ta sha ninki ta yi laushi, ya buɗe, ya dubi wadda ke manne a allon bango, ya sake duban ta hannunsa.

«Wayyo ni. Dakta, ƙuri'a sau biyu kika yi?»

«Sau biyu. Ta farkon ta tara na magani da yawa a gefen taga, sai na sake, na manna sabuwar a bango. Ai na faɗa maka.»

«Kin faɗa. Da safe ta aljihuna na bi na raba kofuna. Da rana na bi ta bango na kafa tsinkaye.»

Dakta ta fizge tsohuwar takardar ta bi tebura da gudu tana dubawa. Duk inda takardar ta ce magani, ja ne. Duk inda ta ce ruwa, kore ne. Arba'in cif. Ta dawo tana dariya hawaye na zuba, ta tsaya a gaban Baba, sai kuma ta dafe kai da hannu biyu.

«Baba! Ka cece ni, ka kuma kashe ni! Yanzu in na rubuta wannan, wani zai ce zurfin shuka ne ya sa suka yi ja, ba magani ba.»

«Zurfi? Shekara arba'in da ɗaya ina shuka wake, ban taɓa ganin wanda rami ya rina ba.»

«Na sani, kai ma ka sani. Masu karantawa ba su sani ba. Dole a sake daga farko.»

«To a sake mana. Iri ya ƙare ne, ko ni na mutu?»

Shugaba bai yi dariya ba. Ya miƙa hannu. «Baba, kawo makullin.»

Baba ya zaro ya ɗora masa a tafi. Ya tsaya ƙyam yana kallon shi ido cikin ido, kamar yadda ya kalli shida kafin shi.

Shugaba ya juya makullin. «Laifin da muka ɗora maka, ba ka yi ba. Wanda ka yi kuma ba wanda ya sani, ka riga ka tsira, ka dawo ka kawo shi da bakinka. Don me?»

«Ranka ya daɗe, a ce ni mai taurin kai ne, wannan kowa ya sani, har matata za ta ba da shaida. Amma ba za a ce wakena maƙaryaci ne ina tsaye ba.»

Shugaba ya dubi buhun, ya dubi Dakta, ya dubi Mai-Awo da ke neman inda zai nutse. Ya ja numfashi, ya kamo hannun Baba ya mayar masa da makullin.

«Kai kana nan. Amma yatsan nan daga yau ya yi ritaya. In na sake jin ya shiga ƙasar gwaji, ku biyun za ku tafi ƙofa tare. Kuma takardar gargaɗi na nan zuwa, ɗaya taka, ɗaya ta Mai-Awo.»

Baba ya ce, «Na karɓa. Tawa a ba Mai-Awo ya karanta min. Amma don Allah ɗaya-ɗaya za a riƙa ba shi, kada ya karanta min tasa.»

Har Shugaba sai da ya juya baya yana tari don ya ɓoye dariya. Mai-Awo ya zo ya durƙusa ya ce, «Baba, ka yafe min, na kusa raba ka da wurinka.» Baba ya dafa sanƙon ya ce, «Tashi, ɗana. Ubanka ma haka yake, ya taɓa zuba wa shinkafa takin masara ya ce takarda ce ta ce.»

Ba a ƙone waken ba. Dakta ta ce a bar shi ya yi 'ya'ya, tana so ta ga ko jan zai bi su, ko waken zai sake ɗaure bakin baƙuwar.

Ranar Litinin aka kawo sababbin tire arba'in. Baba ya riga kowa zuwa, ya samo ragowar jan fenti a sito, ya tsoma kawunan tsinkaye ashirin a ciki ya jera su a rana. Da Dakta ta gani ta tambaya, ya ce daga yau tsinke ba zai ƙara yin maganar da shi ba zai ji ba: kofi mai jan murfi, tsinke mai jan kai, kuma a kafa shi nan take yana tsaye, ba sai an ci an ƙoshi ba. Ta ce ta yarda, za ta ma sa a dokar tashar.

Ya zura safar hannu. Kan manunin safar ya lanƙwashe, ba komai a ciki. Ya ɗauki katakon ya juya shi gaba da baya, ya taɓe baki.

«Wa ya sassaƙa wannan?»

Mai-Awo ya ce, «Daga waje aka kawo shi, Baba.»

«Shi ya sa. Haƙori na uku ya fi sauran tsawo. Kawo min zarto, kafin a ce waken ne.»

Dakta ta ɗauko rula ta auna. Haka ne kuwa.